Jemimah da buhun agushi

Duk wanda ya san Gonin Gora ta Kaduna ya san Jemimah mai suwaita. A watan Maris, lokacin da kwaltar hanyar Abuja ke laushi kamar tuwo, kaji na yawo baki buɗe, ita tana zaune a shagonta na lemo da ruwan leda, ta ja hannun suwaita har yatsu. Direban tirela zai sayi ruwa, ya kalle ta, zufa ta karyo masa, ya ƙara sayen wani.

Ba sanyi take ji ba, hannuwanta take ɓoyewa. Abin ya faro tana 'yar shekara goma sha uku a Kakuri, shekarar da aka rufe masaƙar da babanta ke aiki, gida ya koma filin faɗa safe da yamma. Sauro ya cije ta, ta sosa, wurin ya yi ɓawo, ta ɓamɓare. Farcenta ya samu aiki ke nan, babanta bai samu ba. Shekara ashirin ƙurji bai isa ya fito a jikin Jemimah ya wuni lafiya ba. Tana hira tana ƙwaƙula, tana jin wa'azi tana ƙwaƙula, sai ta ga jini a yatsa ta san ta yi.

Mahaifiyarta, Mama Hannatu, ba abin da ba ta gwada ba. Ta shafa mata barkono a yatsu, Jemimah ta manta ta murza ido. Mama ta ce mayun ƙauye ne, ta juye mata man zaitun da ya isa a soya wa unguwa guda ƙosai.

"Ki daina mana! Mene ne wuya a dainawa?"

"Mama, ke ma ki daina atishawa mu gani."

Bara sai Zumuntar Mata ta cocinsu ta zaɓe ta ta ja waƙa a babban taron gunduma, don murya kam Allah ya ba ta, in ta ɗaga har Rido ana amsawa. Amma rigar zumunta gajeren hannu gare ta, mai jan waƙa kuma a gaba take tsayawa, hannu sama, mata dubu na kallo. Saura wata huɗu. Jemimah ta lallaɓa wurin Sista Mary, sakatariyar zumunta wadda nas ce, ta ce a cire sunanta, wai maƙogwaro.

Sista Mary ta kamo hannun suwaitar ta naɗe, ta duba.

"Maƙogwaron naki a damtse yake? Wannan ciwo ne, yana da likitansa. Ranar Talata za mu Barnawa."

To a Kaduna in aka ce za a kai mutum Barnawa, ba ziyarar dangi ake nufi ba, asibitin masu taɓin hankali ke nan. Da Sista Mary ta kai wa Mama Hannatu labari, sai Mama ta ɗora hannu a ka.

"Ni Hannatu! 'Yata ta taɓa kwance zani a kasuwa ne?"

"Mama, ba mahaukata kaɗai ke zuwa can ba," in ji Sista Mary.

"To in maƙwabta sun tambaya, takalmi ta je saya."

Haka Jemimah ta yi ta sayen takalmi duk bayan mako biyu, ba wanda ya ga ko silifa.

Likitar ba ta ɗaure ta ba, ko allura ba ta yi mata ba. Tambaya ta dinga yi: yaushe hannun ke tafiya, a ina, me ke ranki kafin nan? Ashe a shago ne in ba ciniki, da cikin bas in hanya ta cushe, da duk ranar da Mama ta bugo waya. Aka ce ta yanke farce tas, ta manna filasta a yatsu in za ta shiga bas ko coci, ta riƙa shafa man kaɗanya kada fata ta bushe ta kira ta. In kuma ta ji hannu ya tashi, ta ba shi wani aikin. Aka ba ta 'yar ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Cikin kwana biyu ta ƙwaƙule ta, ta mai da ita gari.

Ana haka wata 'yar Binuwai mai tuwo a gefen shagonta ta miƙo mata tiren agushi ta taya ta ɓarewa. Jemimah ta lanƙwasa ƙwaya ɗaya, ɓawo ya yi ƙas, fari ya zamo. Daɗin da farce ke nema ke nan sak, kuma babu jini. Likita ta ji labari ta ce a ci gaba.

Sai ta ɓare tire, ta ɓare mudu, ta ɓare buhu. Mijinta Ayuba ya sha miyar agushi har ya fara roƙon miyar kuka da hawaye. Sati na bakwai Mama ta zo kwana uku, Jemimah ta yi wa kanta sabon miki huɗu, ta zauna tana kuka wai komai ya rushe.

"Huɗu?" in ji Sista Mary. "Da ai lissafi ba ya kama su. Ɗauko tirenki."

Ranar taro miki ya warke, tabo kuwa yana nan, baƙi-baƙi daga wuyan hannu har kafaɗa. Ta fito gaba. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, ta ɗaga hannu biyu sama tsirara, ta saki murya. Kwanon rufin coci sai da ya motsa. Mama Hannatu ta rangaɗa guɗar da ta sa jarirai uku kuka a tare.

Da aka tashi wata tsohuwa ta riƙo mata hannu, ta juya shi tana dubawa.

"'Yata, ƙyanda ce ta yi miki haka?"

"A'a Mama, aikin hannuna ne," in ji Jemimah. "Amma na yi ritaya."