Takardar da Na Farke a Tashar Mota

Assalamu alaikum. Shekara talatin da 'yan kai ban buɗe baki a kan wannan magana ba. Jiya wani tsohon ɗalibina ya turo min hoton kan 'yarsa, ya ce likita ya ambaci kalmar gilayoma, ko na san ta? Na san ta.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Karaye, tun ba a cire Rogo daga cikinta ba. Ciwon kai ya fara, irin na safe, da amai. Sai alli ya riƙa suɓucewa daga hannuna. Wata Talata na faɗi a gaban aji ina shure-shure.

Kafin Juma'a gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce farfaɗiya, wasu suka ce boko ne ya taɓa ni. Malaman da muke cin abinci kwano ɗaya suka fara zuwa da nasu.

Na sha rubutu, na sha hayaƙi wata bakwai. A Kano wani likita ya haska cikin idona, sannan ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kuma na'urar tana kudu.

Yayana Bello, wanda ke riƙe da shanun gidanmu a Gwangwan, ya sayar da bijimai biyu ya raka ni. Bai taɓa wuce Zariya ba sai ranar.

Da hoto ya fito, aka kira Yaya ciki tare da tafinta, ni aka bar ni a benci. Ni mai ciwon, ni mai jin Turanci. Haka ake yi: ba a gaya wa maras lafiya.

Ya fito bai dube ni ba.

"Sun ce zafi ne ya taru. Tashi mu tafi gida."

Aka ba mu ambulan a manne, mu kai wa likitan Kano. A tasha, Yaya ya tafi alwala, na farke ta. Gilayoma: ƙari a ƙwaƙwalwa, ɓangaren dama. An ba da shawarar tiyata. Dangi sun ƙi.

Na karanta layin ƙarshe sau uku.

Da ya dawo na nuna masa.

"Yaya, wane ne dangin da suka ƙi?"

"Ni ne."

"Kanka ne ko nawa?"

"Inna ta bar min kai amana, Sule. In fasa maka kai suka yi ka mutu a nan, wa zai sallace ka? Ni kaɗai? Gara ka cika a ɗakinka."

"To ka hau mota. Ni zan koma."

Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ɗauki jakata ya wuce gaba, muka koma asibiti.

Na ce wa likitan ya gaya min da bakinsa. Ya ce ƙarin iri-iri ne. Akwai mai sauri, wanda ko an yanka, an ƙona da hasken na'ura, da wuya mutum ya daɗe. Akwai mai tafiyar hawainiya, an fi ganin irinsa a yara, wani in an cire shi duka shi ke nan. Ba zai san nawa ba sai ya buɗe an auna.

"In na ƙi fa?"

"Maganin faɗuwa zan ba ka. Ƙarin zai ci gaba da girma."

"In na yarda?"

"Za ka iya tashi lafiya. Za ka iya tashi rabin jiki a mace. Za ka iya ƙin tashi."

Na sa hannu.

Kwana goma sha ɗaya ina jiran layi. Kullum awon jini, kullum a ce gobe. Jini ma sai da muka nemo masu bayarwa a unguwar Hausawa. Mutumin gadon da ke kusa da ni aka shiga da shi, aka dawo da katifa kawai. Aka aske min kai, aka shiga da ni ɗakin tiyata.

Na farka da ƙishirwa. Yaya yana tsugune a ƙasa, ƙunshi a cinyarsa. Daga baya na gane farin yadi ne. Da safen ya je kasuwa ya sayo likkafani, bai gaya wa kowa ba.

Sati uku muna jiran sakamako. Mai tafiyar hawainiya ne, kuma an cire kusan duka.

Na rayu. Hannun hagu bai dawo daidai ba. Wurin aiki suka sallame ni, wai kada in tsorata yara. Waɗanda na koya wa lissafi suna wuce ni a mota yanzu, wasu sukan ɗaga hannu. Ban ce na yafe wa kowa ba, kada in yi ƙarya.

Har yau in kaina ya sara da safe, sai in zauna in jira amai.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da ya dube ni ya faɗi gaskiya. Na gode wa matata Mairo, da ta riƙe gida da dakau. Yaya Bello, Allah ya jiƙansa, ya yi min ƙarya, kuma bai bar bakin gadona ba ko yini ɗaya.

Ciwon kai na safe da amai, faɗuwa ga wanda bai taɓa yi ba, hannu ko ido ya canza: ku je a yi hoto, yanzu ba sai an je kudu ba. Ku tambayi wane iri ne, wane mataki, me za a yi in ya dawo. Kada ku ɗauki labarina ma'auni, da yawa ba su samu irin nawa ba.

Kai kuma ɗalibina, 'yarka shekararta goma sha shida. Ranar da likita zai yi bayani, kada ka bar ta a benci. Ka shiga da ita.