Abin da Na Ci a Tsaye

Ina da shekara arba'in da shida lokacin da likita ta ce min ina da ciwon suga. A lokacin mun daɗe a Doha, maigidana yana aikin injiniya a unguwar West Bay, ni kuma ina gida a unguwar Old Airport, yara duk sun tafi karatu. Abu ɗaya aka san ni da shi, girki. Duk Juma'a idan aka sauko daga masallaci falonmu cika yake yi da 'yan ƙasarmu, ɗalibai da ma'aikata waɗanda shinkafar Larabawa ta ginsa. Masa da miyan taushe, tuwon shinkafa, kunun gyaɗa. Hajiyar Masa suke ce min, ni kuma, Allah ya yafe min, sunan yana min daɗi har cikin raina.

Da aka ɗora ni a kan magani, a ganina na kiyaye. Na daina sa suga a shayi, na rabu da karak, shayin madarar nan mai zaƙi da nake sha duk sanda muka shiga kasuwar Souq Waqif sayen kayan ƙamshi. Na sayi ɗan ƙaramin faranti. Idan an zauna cin abinci masa ɗaya nake sawa, baƙi su yi ta tausaya min suna cewa wannan ai ba za ta riƙe mutum ba. Amma duk wata uku idan aka ɗebi jinina, suga yana nan a sama. Likita ta tambaye ni me nake ci, in rantse mata ba na cin komai, kuma wallahi ban ɗauki kaina maƙaryaciya ba. Sai ta ƙara magani. Na zargi maganin, na zargi na'urar awo, har na taɓa ce wa maigida anya ba kambun baka ba ne.

Shekara huɗu ana haka. Wata safiya ina karatun Alƙur'ani sai na ga wasu baƙaƙen zare suna yawo a kan layi. Na goge tabarau, suna nan. Likitan ido ya ce suga ya lalata ƙananan jijiyoyin bayan idanuna, na hagu har ya fara zubar da jini daga ciki, na dama kuma yana biye da shi. Ya ce zai riƙa yi min allura a idon, amma in sugan bai sauka ba, aikin banza za mu yi. Ranar na yi kuka a mota. Tsoro na nan, amma gajiya ta fi yawa, domin ban san me kuma ya rage in bari ba.

Cikin masu zuwa gidanmu akwai wata likita 'yar Katsina da ta girme ni, Yaya nake ce mata. Na kai mata kukana, ta saurara. Juma'ar da ta biyo sai ga ta tun da hantsi, ta ja kujera ta zauna a kicin, wai hira ta zo taya ni. Na ga ta ajiye tire a gefenta, ban kawo komai a raina ba. Ashe duk abin da na kai baki, sai ta ɗauki daidai irinsa ta sa a tiren. Masar farko da ake ɗanɗanawa a ji ko ƙullu ya tashi. Waɗanda suka fashe a tanda, tunda ba a kai wa baƙo fasasshiya, zubar da abinci kuma almubazzaranci ne, haka iyayenmu suka koya mana. Ƙanzon gindin tukunya. Ludayin kunu na gwajin zaƙi, har sau uku. Dabinon da nake jefawa a baki idan ƙafa ta gaji. Ana dab da saukowa daga masallaci ta turo min tiren, ta ce in zo in gaisa da abincin matar da ba ta cin komai.

Na tsaya ina kallo, masa bakwai, kofin kunu cike, ƙanzo, dabino. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne, duk cikinsu babu wanda na yi wa bisimilla, domin ban ɗauke shi ci ba. Kuma ba Juma'a kaɗai ba, kullum haka nake, har ragowar da maigida ya bari ni ke ƙarasawa a bakin wurin wanke-wanke. Yaya ba ta yi min faɗa ba. Ta ce kawai daga ranar kada komai ya shiga bakina sai ina zaune, yana cikin faranti, ina kallonsa, kuma in faɗa wa likitata gaskiyar abin da tiren ya nuna.

Bayan watanni sugan ya sauka, idon dama ya tsira. Na hagu dai bai dawo ba, haske da inuwa kawai yake rabewa. Har yau ina zuwa allura, kuma na gaji da ita, gajiyar da ba na iya faɗa wa kowa a gida. Ina yin masa jefi-jefi, wadda ta fashe kuma sai a tara a ba mai so.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu wannan ciwo, musamman mu da muke wuni a bakin murhu. Jini bai san tsaye ko zaune ba, bai san ɗanɗano ba, duk abin da ya wuce maƙogwaro abinci ne. Kafin ki rantse wa likita cewa ba kya cin komai, ki ajiye tire a kicin wuni ɗaya ki gani da idonki, tun kina da su biyu. Ni da ɗaya nake rubuta muku wannan.