Ranar da Na Shanya Gilashin Kyamara

Shekarar da damina ta ƙi tafiya ce, har gero ya riƙa tsiro a kan zangarniyarsa muna kallo. A ƙarshen daminar nan na yanke shawarar rabuwa da dogon gilashin kyamarata.

Kyamarar na saye ta ne a hannun wani tsohon mai hoto a Bici, lokacin da wayoyi suka kashe masa kasuwa. Gilashi ɗaya ya haɗa mini da shi, dogo, mai jawo nesa kusa. Ni manomi ne, hoton sha'awa ce kawai. Nakan tsaya a bakin gonata in ɗauki balbelar da ke kan doron wani sa a can gonar maƙwabci, ta fito har da ƙwayar idonta.

To, a lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, kuma an sa ranar da za a ba mu takardar shaida. 'Yan ajinmu suka ce ni zan ɗauke su. Na amsa da murna, na je na gwada a ɗakin karatun. Ɗakin ƙarami ne. Ko na manna bayana da bango, hancin mutum ɗaya ke cika hoton. Ga shi na riga na yi alkawari, har wasu sun kai ɗinki.

Malamin ajinmu ne ya samo mafita. Ya ce yana da aboki da ke koyarwa a kwaleji a Bici, mai son ɗaukar tsuntsaye, ya daɗe yana neman irin gilashina. Yana da gajere wanda ke ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, zai ba ni shi, ya ɗora mini ciko. Muka yi magana ta waya, ya ce zai zo ranar Asabar. Duk wanda na haɗu da shi a makon nan sai da na ba shi labari, har maiɗakina ta ce in bar awaki su huta, su ma sun ji.

Da safiyar Asabar na ciro gilashin daga akwati, na ɗaga shi wajen haske. A ciki akwai wasu fararen zare kamar yanar gizo. Danshin damina ya shiga, ya yi funfuna. Amma ban daɗe cikin damuwa ba, domin a gidanmu duk abin da ya yi funfuna rana ce maganinsa, ko wake ne ko tufafi. Na cire murfinsa na gaba da na baya don rana ta ratsa shi sosai. Na hau kan rumfar awaki inda muka jibge harawa, na kafa shi a tsaye a cikinta, bakinsa na kallon sama, yadda kaji ba za su ture shi ba. Sai na tafi bakin hanya tarbar baƙo.

Rana ta take tsaka lokacin da babur ɗinsa ya iso. Muka gaisa a gindin darbejiya, na gaya masa zancen funfunar tun kafin ya tambaya. Ya ce in kaɗan ce ana wankewa a Kano. Ya buɗe jaka ya miƙo mini gajeren gilashin, na ɗaura a kyamarata. Da na leƙa, sai ga mutumin gaba ɗayansa, da babur ɗinsa, da bishiyar, har da katangar masallaci. Na yi ta ɗauka ina dariya ni kaɗai. Ban taɓa sanin kyamarar nan tana iya ganin faɗin duniya haka ba.

Ina cikin haka na ji ƙauri, sannan na ji muryar maiɗakina.

Da muka shiga, saman rumfar yana ci da wuta. Ta riga ta kwance awakin, maƙwabta sun shigo da bokitai. Ni dai na naɗe hannu da rigata, na hau turmi na fizgo gilashin kafin a sheƙa masa ruwa. Aka kashe wutar ba ta kai ga ɗaki ba.

Baƙon ya tambaye ni inda na ajiye shi, na nuna masa. Ya dube ni, ya dubi sama.

"Baba, ba murfi ka kafa shi? Ai rana ka tara wa harawa wuri ɗaya. Ashana ka kunna ka tafi."

Maiɗakina tana tsaye da bokiti ta ce, "Da ya tambaye ni, da a kan kwanon ɗaki zan ce ya ɗora."

Baƙon ya ce, "Hajiya, gara da bai tambaya ba. Da ɗakin ne ya tafi."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya, ni kuwa idona na kan hannunsa. Ya jira gilashin ya huce, ya juya shi, ya ɗaura a tasa kyamarar, ya auna wata kurciya a kan rimi. Can ya ce idon gilashin bai fashe ba, amma robar jikinsa ta narke, gyaran zai ci abin da ya yi niyyar ba ni. In na yarda, gajeren nawa ne, babu ciko.

Bai rufe baki ba na ce na sallama.

Ranar takardar shaida na tsaya a bakin ƙofa, ajin duka ya shiga hoto ɗaya, kowa da sabuwar rigarsa, malam a tsakiya. Na wanke a Bici, yanzu akwai shi a zauruka da yawa a garinmu.

Abin da ya tafi kuwa, harawa dami huɗu, rufin rumfar awaki, hannun rigata na dama, da cikon da ban karɓa ba.