Tuwon da Baba Ya Mayar

Har yau in na ji ƙamshin daddawa a miyar kuka, sai Gwaggo ta faɗo mini a rai, yayar mahaifina. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Ko da ya zama alƙali, daga Baure zuwa Mashi, har aka kai shi kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina, a wurinta yaron nan ne da ta goya.

Duk Juma'a yakan dawo gida Daura, kuma kafin la'asar kwanon ciyayyarta ya iso: tuwon dawa, man shanu na kwance a kan miya. Baba ba ya cin abincin gidan kowa, kada a ce an saye shi, amma nata kam har suɗe hannu yake yi, mu yara muna dariya.

Da damina ta faɗi, wata shekara bayan an ƙaddamar da Shari'a, rikicin gonar gado tsakanin ɗan Gwaggo da dangin ubansa ya hau zuwa kotunsu. Baba ya janye daga sauraron ƙarar, amma bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a da kwano ya zo, ya ce a mayar da shi a rufe. Kai, jama'a! Kowa ya san mayar da abinci ba a buɗe ba zagi ne.

Ga Gwaggo da kanta, mayafi a jiƙe da ruwan sama.

"Ni za ka mayar wa tuwo? Cin hanci na ba ka tun kana tsumma?"

"Yaya, ki yi haƙuri. A gama shari'ar tukuna, ni zan zo da ƙafata in ci."

Ta juya ta tafi. Ya ci gaba da zuwa gaishe ta, tana amsawa daga cikin ɗaki, ko ruwan gidan ba ya sha. Shari'ar ta ja har kaka ta wuce. Kafin a yanke hukunci zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo, Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan an gama shari'ar, ya roƙi 'yarta ta yi masa irin miyar. Ina zaune ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu a bakin kwano. "Ba haka take yi ba," ya ce, sai hawaye. Ranar na fara ganin kukan mahaifina.

Yanzu shi ma ya rasu, ciyayya kuwa ta kusa ɓacewa a unguwarmu, kowa da tukunyarsa. In aka ambace shi a gari, sai a ce alƙalin da bai taɓa cin na kowa ba. Nakan ce Allah Ya jiƙansa. Gaskiya suka faɗa, amma ni na san abin da ya ƙi ci, kuma har yau abin na yi mini ciwo.