Kawu Bawa da Motocinsa Biyu

Kun dai san Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, ba ya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha, yana zagaya tsofaffin motocinsa na tsere a rumfar gidansa da ke Kaura Namoda: ja 'yar Italiya da koriya 'yar Ingila, kowacce kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Tun yana malamin firamare ya same su hannun wani bature, kuma har ya rasu bai yanke wadda ta fi ba.

Da safe ya ce, "'Yar Italiya ga kyau ga murya, sai shagwaɓa." Kafin la'asar ya juya: "'Yar Ingila dattijuwa ta, ba ta fushi, mai kawai taka zubarwa."

Ran nan ya ɗauke ni a jar za mu ɗaurin aure Zurmi. Wajen Dauran ta kafe cikin yashi, sai da wani manomi ya kwanto shanun huɗa suka ja mu. Kawu na riƙe da sitiyari, hula a karkace. Na ce, "Kawu, da koriyar muka fito."

Ya harare ni. "Kai yaro na. Dubi yadda wagga ka shan kwana ko a bayan shanu."

Wata damina rufin ɗakin matarsa, Inna Hajo, na yoyo, sai ga wani Alhaji mai tara tsofaffin motoci daga Abuja, zai sayi guda. Inna har ta aika a kira kafinta. Kawu ya wuni yana kai da komo da baƙon: ya tada wannan a ji ƙararta, ya buɗe waccan a shinshina fatar kujera. Ya ce ja, ya fasa. Ya ce koriya, ya karɓe makulli.

Alhaji ya gaji. "Malam, wacce za ka ba ni?"

"In ka tafi da guda, da mi zan gwada gudar?"

Inna ta koma tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, sati guda ba ta yi masa magana ba.

Bayan sadakar arba'in ta Kawu, Alhajin ya bugo min waya, har yanzu yana son guda. Na sami Inna da maganar. Ta daɗe tana kallon rumfar, sannan ta ce, "Bar ma Kawunka kayanai."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya ba Inna haƙurin rashinsa.