Kafaɗar Hafsatu

Ranar wata Laraba ce da kaka, ina 'yar shekara tara, Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, ta ɗora mini damin dawa daga gonarmu ta bakin rafi zuwa gida. Tana ba da baya na zare gammon tsumman da ta naɗa mini na jefa cikin ciyawa, wai ni mai wayo, na rage nauyi. Kafin mu kai gindin tsamiya kara ya ci tsakar kaina, wuyana ya sandare, ga shi ba a dire dami a hanya, tsaba za ta zube. Gwaggo ba ta doke ni ba. Cewa ta yi, "Tsumman da kika yar shi ke ɗaukar kayan, ke tafiya kawai kike yi." Kwana uku ban iya waiwaye ba, ƙawayena na gaɗa a dandali ina zaune kamar turmi. Daga nan na koyi naɗin gammo, na tulu daban, na itace daban, kuma har na yi aure ban taɓa fasa tulu ba.

To ni ɗin nan ce yau ake gaya wa ban san kaya ba! Ina zaune a Lanham, can Amurka, wurin ɗana injiniya. Jikata Hafsatu, mai karatu a jami'ar da ke College Park, ta tsiri hawan duwatsu da ƙawayenta, kwana uku a daji, kowa da jakarsa a baya. Ta sayo wata jaka shara-shara kamar ledar burodi, igiyoyin kafaɗa sirara, ɗamarar ƙugun ma ta sa almakashi ta datse. Komai sai ta ɗora a sikelin kicin, har buroshin haƙori ta gutsure masa ƙota. Ta dawo kafaɗu duk sun saɓule.

Na yayyaga tsohon zanena na ɗinke a igiyoyin. Yarinyar nan ta ɗauka ta auna! Da 'yar Hausarta ta tsintuwa ta ce, "Kaka, ya yi nauyi." Ubanta ma, wanda na goya a bayan nan da tulu a kaina, ya ce, "Inna, masana ne fa suka ƙera ta."

Na ce, "Masanan naka sun taɓa ɗauko dawa daga rafi? Sikelin nan kafaɗa gare shi?"

Sai Hafsatu ta farke ɗinkin dama ta bar na hagu, wai gwaji za ta yi, ta sake tafiya hawan duwatsun. Ran Lahadi ta shigo a karkace, kafaɗar dama ta sake saɓulewa, ta ajiye mini jakar a cinya, ta zura mini zare a allura, don idona ya yi rauni. Na ɗinke, amma sai da na faɗi duk abin da ke bakina.

Mu a da, da babba a gefenmu muke koyon kaya, tsakanin gona da gida. Su sai sun je bayan duniya sun sha wuya su kaɗai. Amma dai wurina ta kawo jakar.