Ƙasar da Ba a Yi wa Guga Ba

Idan Mai Guga ya tsaya gaisawa da kai, kada ka ɗauka fuskarka yake kallo, wuyan rigarka yake dubawa. Dogon mutum ne siriri, kamar an rataye shi a ƙusa an manta, da ɗan doron da tsayuwa kan tebur ta bar masa. Tun yana saurayi ya kama dutsen guga, na gawayi tukuna, daga baya na lantarki. Shagonsa ɗaki ne a gaban gidansu: tebur da tsohon bargo da ya sha ƙuna, kwanon ruwan yayyafi, igiya cike da riguna, sai tulin takarda mai ruwan ƙasa da yake naɗe kayan mutane a ciki. Abokin gabarsa a duniya guda ne, yamutsa. An taɓa kama shi a gidan surukansa yana shafa musu labule da tafin hannu, ana can ana yi masa sannu da zuwa bai ma ji ba.

Magana kuwa, sai ka ce haraji ake karɓa a kanta. Allah da ikonsa sai Ya haɗa shi da matar da duk layi ke kira Gidan Rediyo. Shi yana guga, ita tana ninki, bakinta na aiki fiye da hannunta. Tun 'ya'yansu na rarrafe a ƙarƙashin tebur ta ƙirƙiro musu wata ƙasa don su daina jan wayar dutse. Ba labarin da ta gada ba ne, nata ne na kanta. A ƙasar akwai Dutsen Kunnen Jaki, inda in ka hau za ka ji duk gulmar da ake yi da kai. Akwai Garin Masu Atishawa, inda ba a karɓar shaidar mutum sai ya yi atishawa a gaban alƙali. Akwai Kogin Raggo, wanda ba ya gudu sai an roƙe shi. A cikin wannan ƙasa wata mai tallar allura ke yawon neman akuyarta da ta ɓace.

Yara suka girma suka watse, mai allura ba ta daina yawo ba. Mai Guga ya zama shi kaɗai ne mai sauraro. Bai taɓa cewa labarin ya yi daɗi ba, namiji ne ai, yabon matarsa zai iya sa masa ciwon haƙori. Amma duk sanda ta yi shiru don ta sha ruwa, dutsen ma tsayawa yake yi.

Mantuwa ta shigo musu a hankali, kamar baƙon da ya ce wucewa zai yi. Yau ta sa gishiri sau biyu, gobe ta kira babban ɗansu da sunan ƙaninta. Ana dariya, ita ma tana yi. Sai wata rana da hantsi ta kawo mai allura gindin Kunnen Jaki, ta tsaya cak da riga a hannu.

"Daga nan ina ta nufa?"

"Kogin Raggo," in ji shi. "Ta bi ta hagu."

"Kai ne mai labarin ko ni?" Ta jefar da rigar ta shige cikin gida.

Daga ranar aka rufe gidan rediyo. Takan zauna a kujerarta a kusurwar shago tana kallon titi, ba uffan. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa a bar shi ya ji da aikinsa, yanzu an bar shi, ya rasa inda zai sa kansa. Bai iya faɗa ba, amma ya sani: muddin ƙasar nan ta ɓace mata, matar da ya aura ta tafi ke nan, sai dai a bar masa mai kama da ita a kujera.

Autarsu ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ta rage kusa, kuma bakin uwarta ta ɗauko. Ita ta kawo shawara.

"Baba, ka zana mata ƙasar. Taswira, wadda za ta gani da ido ta bi da yatsa. Ba magani ba ce, amma ko ta ɓace hanya za ta ga inda take, ba sai wani ya faɗa mata ta ji haushi ba."

"Ni? Ko kaza ban taɓa zanawa ba."

"To ai ba kaza aka ce ba. Duk duniya wa ya san ƙasar nan bayan ita in ba kai ba? Mu mun manta rabi."

Ya ari rula wurin Tela, maƙwabcinsa, ya zaro takardar naɗe kaya, ya duƙufa. Abin da ya fito, Allah Ya kyauta. Kogin Raggo ya miƙe sambal kamar karin wando. Duwatsu suka jeru kai ɗaya, kamar hankicin da aka ninke. Ƙasar kanta kusurwa huɗu ce cif. Tela ya leƙo, ya gyara tabarau.

"Maƙwabci, wannan ƙasa ce ko aljihun riga?"

Da aka kai wa mai ƙasar, ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, "Filin wa za a sayar?"

Auta ta ce akwai dabarar da masu koyon irin wannan zane ke yi. A cukuikuye takarda sosai, a buɗe. Inda ta yi tudu, duwatsu ne. Inda ta yi kwari, hanyar ruwa ce. Mutum ya bi da fensir kawai, takarda ta riga ta yi masa rabin aiki. Tana faɗa tana murƙushe sabuwar takarda a gabansa, shi kuwa yana runtse ido kamar yatsunsa ake takawa. Ta baje ta a kan tebur.

"Baba, don Allah kada ka taɓa. In na taso aiki mu yi tare."

Ya yi ƙoƙari, wannan kam a ba shi. Ya juya mata baya, ya goge rigunan mutane, ya fita ya dawo. Amma yamutsattsen abu a kan teburinsa, a shagonsa, dutse na da zafi? Kafin azahar ya yayyafa mata ruwa ya bi ta ciki da baya.

Auta ta dawo ta tarar da takarda sumul.

"Baba, ina duwatsun?"

"Na ɗan gyara miki ita ne."

Ta zauna a kan buhun wanki tana dariya har da hawaye. "Ka goge ƙasa guda da kogunanta! Allah Ya so ba a ba ka duniya guga ba, da yanzu ba inda ruwa zai gangara."

Washegari ya ce zai cukuikuye da kansa. Hannun ya ƙi. Duk yadda ya yi, sai ya ga ya ninke ta gida huɗu, baki ya hau baki. Ya haƙura ya sake zane da rular Tela, ya ɗan lanƙwasa kogin don kunya, ya kai wa matarsa. Ranar ba ta tashi da daɗi ba. Ta fizge takardar.

"Ku daina kawo mini takardu! Ni malamar makaranta ce?"

Ta dunƙule ta da hannu biyu, ta murɗa kamar tana matse wanki, ta wurga. Takarda ta faɗa kan tebur. Mai Guga ya jawo ta gabansa. Ya buɗe ta a hankali, hannunsa ya tafi wurin dutse da kansa, ya ɗaga shi kusa da kumatu ya ji zafinsa.

"Tsaya."

Ya tsaya, dutse a sama.

Ta taso daga kujera, ta sunkuya, ta ɗora yatsa kan wani tudu da ya tashi tsaye ya lanƙwashe a kai. "Kai makaho ne? Kunnen Jaki za ka ƙone?"

Ya duba. Wallahi kunnen jaki ne. Ya ajiye dutsen a tsaye, ya lalubo fensir.

"Ga kogin nan ya sauko ta bayansa," in ji ta. "Bi nan. A'a, nan! Ka ga inda ya kwanta yana hutawa?"

Hannun da ya saba danna ƙarfe bai san tausayin fensir ba. Ya karya masa baki, ya fiƙe, ya huda takarda.

"Sassauta, Malam, ba kakin soja kake gogewa ba."

Ran nan har la'asar ba a goge ko hula ba. Aiki ya ɗauke su makonni, don sai ranar da kanta ya washe ake ci gaba. Da tsufansa ya koyi cewa kogi daga tudu yake fitowa ya nemi teku, ba ya hawa dutse. Ya koyi duhunta gefe guda na tsauni don ya tashi daga takarda. Itatuwansa dai har yau laima suke kama, gidajen Masu Atishawa kamar an kife kofuna, akuyar da ya sa a kusurwa kuwa Tela ya rantse tebur ne mai ƙaho. Amma shi Telan ne ya kawo kwali da gam aka manne taswirar ta baya, a hankali, ba a danne tudu ko ɗaya ba. Masu kaya suka fara jin abin da ba su taɓa ji ba a shagon: "A dawo gobe." Ba wanda ya yi fushi, don rediyo ta dawo, ana jin ta har bakin titi.

An rataye taswirar ƙasa-ƙasa, daidai hannunta in tana zaune. Ba ta warke ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Akwai ranar da takan dube shi ta ce, "Bawan Allah, kayan wa ka zo karɓa?" Sai ya ce nasa ne, ba sauri yake yi ba. Amma da zarar yatsa ya sauka kan kogin, sai bakin ya buɗe, mai allura ta ɗauki tallarta ta kama hanya. In an tambaye shi jikin mai ɗakinsa, yakan ce, "Alhamdu lillahi, an bar mini da yawa." Ga mai irin bakinsa, wannan huɗuba ce.

Wata safiya tana cikin bin hanyar Garin Masu Atishawa, ta dakata, ta ƙura wa zanen ido.

"Wa ya zana wannan?"

"Wani mai guga ne."

"Shi ya sa. Ba shi da hannu ko kaɗan, dubi itatuwa." Ta ci gaba da shafawa, daga dutse zuwa kogi, daga kogi zuwa gari. "Amma bai bar komai ba. Har rijiyar da mai allura ta faɗa ciki ya sa. Wannan mutumin ya saurara. In ka gan shi ka ce na gode."

"Zan faɗa masa."

"To zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar sanda. Akwai wata mai tallar allura, na san ba ka taɓa jin labarinta ba."

Mai Guga ya zare wayar dutse, ya jawo buhun wanki, ya zauna.